Akwatin Lauya Lemuel Stroud

Shekara talatin da ɗaya ina yi masa juyin takardu,
har yatsana ya yi kanta,
tawada ta zauna a farcena kamar da ita aka haife ni.

Ɗan majemi ne daga Connecticut.
Ya gangaro yamma kan dokin aro,
littafi biyu a jaka, da kwat ɗaya da ta girme shi.
Kotunmu ɗakin gungume ce a gaɓar kogin Ohio,
alƙali bisa ganga,
masu taya shi hukunci su goma sha biyu
suna tauna taba, suna tofarwa ta taga.

Shari'arsa ta fari kan alade ce mai tsagaggen kunne.
Awa biyu yana zuba kamar kanya.
Ya faɗi warwas.
Aladen ma tuni an cinye shi.

Sannu a hankali bakinsa ya nuna.
Rikicin iyakar gona ya zama abincinsa:
wannan ya ce daga kututture, wancan ya ce daga rafi,
rafin kuwa in ƙanƙara ta narke sai ya sake hanya.
Ladansa buhun masara, ko gishiri,
wata ran godiya kawai da rufe ƙofa.

Sau uku muka tura shi majalisar jiha,
kwana shida cikin laka.
Ya dawo mana da gada.
Ya dawo da makaranta mai rufin allo.

Sai shekarar da aka kawo batun bayin da ke tsallako kogi,
a kama su, a mayar wa masu su.
Ya rubuta jawabi shafi tara, wuta tsantsa,
ni na juya shi, hannuna na rawa.
Ya ninke, ya sa a aljihu.
Da aka kira sunansa, sai ya dubi takalminsa.
"Jedediah," ya ce da ni, "zaɓe ya ƙarato."
Zaɓen ya zo, ƙuri'a sha huɗu suka kayar da shi:
ba tsuntsu, ba tarko.

Jiya matarsa Keziah ta buɗe akwatin,
ta ce in ware na ƙonawa.
Rasit, rasit, taswirar gonar wani,
sai shafi taran nan, ninkin ya cinye layi biyu.
A dutsen kabarinsa an rubuta gada da makaranta.
Murhu na ci.
Takardar na aljihuna,
ni ma ban karanta wa kowa ba.