Kujera Ta Goma Sha Ɗaya

Ranar Talata tikitin silima rabin kuɗi ne a Bradford,
shi ya sa ya zaɓe ta, na sani.
Na taso daga aikin dare a asibiti, barcin awa uku,
na sa kwalli, na goge, na sake sawa.
Ƙarfe bakwai ya ce.
Bakwai da kwata ni da kwalin gugguru muna gadin ƙofa.
Na ce, Hurera, tikiti na cikin wayarki, shi ya biya,
shiga ki ci kuɗinsa.

A majigi wata baturiya mai gajeren gashi
ta kifar wa baƙo da shayi a gaban riga,
ya yi murmushi kamar an yi masa bushara.
Na ce ƙasa-ƙasa, da Hausa, don wa zai ji,
"Ƙarya kake, malam, da zafi."

Ni ma ai na sha nawa shayin.
Akwai wanda hotonsa ke da suma,
ya iso da sanƙo yana ƙyalli kamar sabon tangaran.
Akwai wanda muka gama cin shinkafa ya zaro waya,
ya raba lissafi har ruwan da na sha rabi.
Wani bai tambayi sunan mahaifina ba
sai da ya tambayi launin fasfona.
Injiniyan Leeds kuwa ya jingina waya da kwalbar yaji
ya ce, "Gaida Hajiya,"
sai ga tsohuwa tun daga Gusau tana auna tsawon hancina,
ni ko da loma a baki.

Na yau Gwaggo Sha'awa ce ta haɗo:
"Tasi'u yaron kirki ne, hoto ne kawai ba ya so."
Ashe har da agogo.

Can fim ya kai inda suke kaiwa kullum:
saurayi na tsallake motoci, zai tare ta a filin jirgi,
ruwa na dukansa, gashinsa ko gezau.
Na ce, "Ga maza nan. Namu ko bas ta gagare shi.
Tasi'u, Allah ya haɗa ka da takalmi mai matsi."

Sai kujerar hagu ta yi gyaran murya.
"Amin," in ji duhu,
"amma na ƙafata ma ya isa, jiya na saye shi saboda ke."

Kwali ya kuɓuce mini.
Gugguru a cinyarsa, gugguru a aljihunsa,
ɗaya ya maƙale a gemu bai sani ba.
Da ƙasa ta tsage da na shige, har da jakata.
Ya ce tun shida da rabi yake zaune, wayarsa ta mutu,
ya so ya yi sallama da na shigo,
sai ya ji fassarata ta fi fim ɗin daɗi.
Wata tsohuwa a bayanmu ta ce shiii,
muka nutsu kamar 'yan firamare,
kafaɗarsa na rawa, tawa ma.

Yadda suka ƙare ban gani ba.
An dai yi kiɗa, an kunna fitila.
Ba laifi. Suma tana nan, duk da ta fara ja da baya.

A waje ruwan gaske ne, mai shiga wuya.
Ya buɗe lema da yanga, iska ta juye ta,
ya tsaya riƙe da ƙarafuna kamar mai tallan tsire.
Babu goge, babu filin jirgi,
sai shi yana ɗingishi, ni kwalli na bin kumatu,
har shagon kifi da dankali na kan kwana.

Da aka kawo lissafi na zuba wa hannunsa ido.
Bai zaro waya ba.
To, ai ta mutu.

Sai Talata mai zuwa zan tantance.