Takalmin Barira

Ranar Asabar na ari takalmin Barira,
lamba talatin da takwas, ni kuwa arba'in nake sawa.
Ta ce, "Daure, ado ba ya jin ciwo."
Sau uku na wanke hannuna da lemon tsami
don kada warin albasar Baba ya bi ni Ikoyi,
albasar da ta kai ni jami'a
buhu bayan buhu.

Daga Agege na hau motar haya,
kwandasta rataye a ƙofa
yana kiran Oshodi kamar mai bin ta bashi.
A kan doguwar gada na leƙa ruwa,
na ga gidajen katako tsaye kan siraran ƙafafu.
Na ce a raina, su ma a ɗofane suke.

Zayyanu ya ce, "Ki zo kawai yadda kike."
Mai abu ne ke faɗin haka.
Wanda bai taɓa ƙirga canji sau biyu a tafin hannu ba
ina zai san "yadda kike" ma da kuɗinta?

Ƙofar gidansu ta fi masallacin layinmu tsawo.
Da 'yar tagar ƙarfe ta buɗe
sai ga fuskar Malam Tsalha,
maƙwabcinmu, mai ɗakin da ke kusa da rijiya,
wanda ya saɓa ni a kafaɗa
shekarar da ruwa ya ci unguwarmu.
Ya buɗe baki zai ce Mansura,
na riga shi da Turanci,
na gaishe shi yadda ake gaida baƙon da ba za a sake gani ba.
Ya haɗiye sunana.
Ya ce, "Bismilla, ranki ya daɗe."

Falon sanyi ƙalau, shiru,
ko tarin janareta ba a ji.
Cokula uku gefen faranti ɗaya.
Na kafa wa hannun ƙanwarsa ido,
abin da ta ɗauka shi na ɗauka.
Mahaifiyarsa ba ta yi mini komai ba, wallahi.
Murmushi ta yi, ta ƙara mini nama,
ta ce, "Me mahaifinki yake yi?"
Na ce, "Harkar kayan gona."
Ban yi ƙarya ba,
sai dai ita ma gaskiyar na sa mata takalmin aro.

Zayyanu, da ya taɓa zama kan buhun Baba
ya sha shayi a kofin roba,
ya dube ni, ya mai da ido kan shinkafarsa.
A ƙarƙashin tebur dunduniyata ta sale,
na ci gaba da dariya a inda ake dariya.

Da magariba ya zagaya ɗauko mota.
Ina tsaye ni kaɗai tsakanin furannin da ban san sunansu ba
Malam Tsalha ya fito daga ɗan ɗakinsa,
ya ajiye silifas a gabana,
shuɗi, ɗaya an ɗaure igiyarsa da waya.
"Tun shigarki na ga kina ɗingishi.
Ki bar su wurin Inna, in na tashi aiki na karɓa."
Bai ce ranki ya daɗe ba.
Bai ce Mansura ba.

A kan gada, fitilu suna ta zuba cikin ruwa,
takalmin Barira a cinyata kamar jaririn wani.
Zayyanu ya kalli ƙafata, ya ce, "Waɗannan fa?"
Mun wuce gidajen katako, mun wuce masu jefa koma,
kafin na sami bakin amsawa.
Na ce, "Na maƙwabcinmu ne."
Sun yi mini yawa,
yatsuna sai yawo suke a ciki.