Fedar Arzika

Keken nan na Baba ne, ya girme ni.
Ya sha taɓon fadama, ya sha rani,
bai taɓa kai ni ƙasa ba.
Ni dai na ji feda ta soma kuka,
na ce bari in yi masa gata.

Arzika ya zazzage kwali a gabana,
kaya na walƙiya kamar sabon kwano.
"Wagga dubu huɗu, wagga dubu da ɗari biyar,
amma uwa ɗaya ta haihe su."
Na auna a tafin hannu, ɗaya ba nauyi.
Aljihuna ya riga bakina magana.
Ya ɗora mini wayar birki, wai gyara.

Ranar kasuwar Jega na ɗaure
buhu da rabi na albasa a kariya,
na bar Aliero kaji ba su sauko ba.
A hawan da ke gaban gonar Tunau
na miƙe tsaye, na ba feda duk nauyina.

Ƙas!
Kamar an taka busasshen kara.
Ƙafata ta shuri iska,
sandar keke ta gaishe ni inda ba a faɗa.
Albasa ta fi ni nauyi, muka koma da baya.
Na damƙe birki, waya ta zare
kamar zaren tsohuwar riga.

Na farka a kwazazzabo, hannu ya juya,
albasata na tsere a gangara,
kowacce ta kama hanyar kasuwarta.

Malam Jabbi mai ɗori ya ja, na kira uwata.
Da ya gama jera karare ya ɗaure,
ya ce a miƙo masa guntun fedar.
Ya duba cikinta: ramu ramu, kamar gidan gara.
"Ƙashinka kwana arba'in ya kama.
Wanga kuwa ko kakana ba ya ɗora shi."

Jiya ƙaramin ɗana ya tono tsohuwar feda
a gwangwanin ƙusoshi, ya shafa mata man gyaɗa.
Tana kukanta, tana juyawa.

Da la'asar Arzika ya zo dubiya
da lemo uku a leda.
Ya ce ƙaddara ce, na ce haka ne.
Yana sa takalmi ya waiwayo:
wai sabbin kaya sun iso.