Zoben Bima

Mun bar babur a gindin tsamiya,
ni da Gidado ɗan ƙanwata,
asuba ba ta gama naɗe tabarmarta ba.
Gorar ruwa ɗaya, dabino bakwai a aljihu,
da sandar da likita ya ce in riƙa.
"Kawu, ta nan za mu hau, ta can mu sauko.
Hanyar zobe ce:
inda ta ɗauke ka, nan take ajiye ka."

Farkon hawa wasa ne.
Gonakin dawa suka raka mu har ƙugun dutse,
suka tsaya
kamar mai rakiyar da ya fito ba takalmi.
Daga nan sai tsakuwa mai santsi,
sai farar ƙaya ta riƙe mini hannun riga
tana tambayar ina za ni da wannan furfura.

Shekara talatin ina taka keken ɗinki a Gombe,
ƙafa na tafiya, ni ban je ko'ina ba.
Yau ga tafiya mai ƙasa a ƙarƙashinta,
gwiwa kuwa ta ce ba da ita aka yi shawara ba.
Na zauna. Na tashi. Na sake zama.
Wata agwada a kan fa ta dube ni sama da ƙasa,
ba ta ga abin gudu ba.

Gidado na gaba, yana tsinkar ɗinya,
baki baƙi ƙirin, yana kirana:
"Saura kaɗan!"
Sau huɗu ya faɗa. Na huɗun ne gaskiya.

Iska ta fara isowa kafin gani.
Sannan ruwa.
Ruwan Dadin Kowa kwance har inda ido ya gaji,
kwale-kwale a kansa kamar ɓawon gyaɗa,
farin balbela na ɗinke gaɓa da gaɓa
da zaren da ba ya barin sawu.
Yaro ya ɗaga waya: "Ashe muna da teku!"

Ni kuwa ina neman wuri.
Can, na ce, inda ruwan ya yi duhu,
nan ƙofar gidanmu take.
Ga rijiyar Inna Dudu, ga giginya biyu,
ga inda na fasa goshi ina bin ɗan maraƙi.
Ina da shekara tara motar ta zo.
Baba ya hau, bai waiwaya ba.
Ni aka ba zakara in riƙe.

Gidado ya bi yatsana da ido, ya daɗe.
"Kawu, ni ruwa kawai nake gani."
Na ce, ni ma.

Muka raba dabino, uku-uku.

Sauka ta fi hawa mugunta,
ba wanda ya gaya mini.
Yatsu na cusuwa a bakin takalmi,
duk taki sai na roƙi dutse arziki.
Wata mata ta wuce mu da dammin itace,
ta ce, "Me kuka je nema?"
Muka ce ba komai.
Ta yi dariya har itacen na rawa:
"Mutanen birni! A hau Bima a sauko hannu rabbana."

Hantsi ya dubi ludayi
da muka hango tsamiyar ta ɗaya gefen,
akuya kwance a inuwar babur
kamar ita ta saya.
Hanya ta cika alkawari.
A duk hanyoyin da na bi tun ranar motar nan,
ita kaɗai ta mai da ni inda ta ɗauke ni.

Na zazzage tsakuwa daga takalmi.
Dabino ɗaya ya rage, na miƙa masa.
Yana buga babur ya juyo:
"Kawu, zakaran fa?"

Daren farko a sabon gari muka ci shi.
Ya yi tauri.
Ba wanda ya ce uffan.