Garin da Ke Bayan Leɓe

Wuta ta ɗauke tun ƙarfe tara,
Garwa ta yi zafi kamar murhun mai ƙosai.
Na ce su ja teburin bakin taga,
madubinmu tsoho ne, rana ta ishe shi.

Goma sha bakwai suke, fararen riguna,
na raba musu tsinke ɗaya ɗaya.
Na ce: yau ba mu da mara lafiya.
Kowa ya kankaro nasa,
can gindin turmi, inda asuwaki ke ƙyuya.

Hamajoda ya yi dariya.
Haƙoransa kamar shinkafar Lagdo, ya san da haka.
Ya ce, Malama, nawa ba kowa a gida.
Na ce, shafa a gilashi, mu yi sallama mu ji.

Shuni ya sauka, muka wanke,
ja ya biyo baya, muka jira ya bushe.
Ya sa ido. Ya ɗago. Ya sake sawa.
Falmata ta ce, yaya, ka sami masu gidan?

Ga su nan, ƙanana, masu zagaye,
sun jeru kamar carbi a hannun tsoho.
Su ne masu son sukari.
Kofin shayi na uku da ka sha daren jiya
a bakin hanyar Yelwa, ba kai kaɗai ka sha ba.
Sun ci, sun ƙoshi, sun zubar da tsami,
tsamin ke cin dutse a hankali,
kamar yadda Binuwai ke cin gaɓa
ba wanda ya ji ƙara.

Ga wasu dogaye kamar karan da aka kakkarya.
Ga wani siriri mai murɗa jiki,
ba ya son iska, ba ya son haske,
ƙarƙashin dasashi ya yi ɗaki,
shi ke sa jini a bakin gwaiba idan ka gatsa.
Farin nan kuma da ke kwanta wa jinjiri a harshe,
uwa ta ɗauka nono ne,
ta goge, ya ƙi:
wannan wata zuriya ce, maganinta daban.

Talatu ta ce, to mu kashe su duka mana.
Na ce, zauna.
Gari ne. Akwai ɓarawo, akwai mai gadi.
Ka kori kowa, ɓarawo ke fara dawowa.
Kada ku raba kafso kamar gyaɗa
don mai ciwo ya ce shi ja-da-rawaya yake so.

Na ba su labarin masuncin nan
da ya zo mana da muƙamuƙi kamar tulu,
ya sha kanumfari, ya ɗiga ruwan batir,
mako biyu yana cewa gobe.
Bakinsa bai buɗu ya ɗauki cokali ba.
Mun tsaga, mugunya ta cika kwano.
Ya rayu. Wani da ya zo bayansa
kumburin ya riga mu zuwa maƙogwaro.
Ban faɗi sunansa ba. Ina tuna shi.

Sai na buɗe nawa bakin,
na nuna musu giɓin da ke hagu.
Shekarata sha tara, alawar madara,
da tsoron kujerar likita.
Ni ma da nake koyar da ku
sun ci ni yaƙi sau ɗaya.

Wuta ta dawo, fanka ta yi tari.
Ba wanda ya tashi daga taga.
Hamajoda na can yana zana carbinsa a littafi,
harshensa na yawo a bayan leɓe
kamar mai gida da ya ji motsi da dare.