Awa Biyar

Jikana Nirajan ya duba waya, ya ce,
"Kaka, daga Kathmandu zuwa Doha
kilomita dubu uku ne da ɗari uku da 'yan kai,
awa biyar a sama, wani lokaci da ɗan ƙari."
Na ce, yaro, wa ya auna? Da wace igiya?

Ni na san awo.
Shekara talatin ina dakon gishiri a gadon baya,
igiyar kwando ta bar mini zane a goshi.
Na san hawan da ke cinye rabin yini,
na san gadar da ke lilo kan kogi tana cin zuciya.
A zamanin ƙarfina, awa biyar
ba ta kai ni ko gindin dutsen garinmu ba.

Ranar da uwarsa Sabitra za ta tafi
tun zakara bai yi cara ba muka sauko.
Ƙasa ta zaftaro ta tare hanya,
muka kwana a bas, akuyar wani na taunar gefen mayafina.
Awa goma sha tara kafin fitilun birni.

A filin jirgi suka ɗora jakarta bisa sikeli,
wai kilo biyu ya yi yawa.
Ta durƙusa a gaban jama'a ta zuge zif,
ta ciro kwalbar yajin da na kirɓa mata,
ta miƙo mini ba ta ɗago ido ba.

Kafin in samu motar komawa
ta sauka, har ta wanke fuska da ruwan wata ƙasa.
Ni kuwa ina tasha, rungume da kwalba.
Ashe Doha ta fi ɗakina kusa.

To, in kusa ce haka,
me ya sa gero ya nuna sau huɗu
ba ta ga zangarniya ko ɗaya ba?
Zuwa awa biyar.
Dawowa kuwa, wayar yaron ba ta san lissafinta ba.

Agogo biyu na rataye a bango.
Ɗaya namu, ɗaya na mayar da shi baya
awa biyu da minti arba'in da biyar.
In na hura wutar shayi, tana barci.
In na kwanta, tana goge benen wani.
Minti arba'in da biyar ɗin nan su suka fi ba ni haushi,
ko rabuwar ma ba ta zo cif ba.

Jiya wani jirgi ya ja farin zare bisa tsaunuka.
Na ɗaga hannu.
Nirajan ya ce, "Kaka, wannan gabas ya nufa."
Na ce na sani.
Ban sauke hannun ba sai da zaren ya warware.

Kwalbar na nan kan kanta.
Man ya taso sama, murfin ya fara tsatsa.