Sama Ba Ta Da Mai Unguwa

Da akuyar Tanimu ta ci mini dawa a Shinkafi,
na san ƙofar da zan buga.
Da mai babur ya ture ni a Ƙofar Guga,
kafin la'asar an rubuta, an sa hannu.
Amma wannan karayar,
a gonar wa aka yi ta?

Mun baro Alƙahira da dare, an kashe fitilu.
Jirgi ya faɗa rami, ramin da ba ƙasa,
ma'ajiyar kaya ta wangame baki,
akwatin wani bawan Allah ya sauko
bisa wuyan hannuna na dama.
Agogona ya tsaya kan uku saura kwata.
Ƙarƙashinmu hamada ce ko ruwa, oho.
Ma'aikaciya ta kawo ƙanƙara cikin tsumma,
da ban haƙuri cikin harshen da ba na ji.

Shekara talatin ina gyaran agogo a bakin kasuwa.
Yau ƙusa mai kamar ƙwayar gero
ta fi ƙarfin yatsuna.

Lauya Barira, ɗiyar maƙwabcina,
wadda na ɗaura wa agogon farko ranar jarrabawa,
ta shimfiɗa tikitin kan tabarma kamar mai duba.
Ta ce, Baba Ilu, ƙofofin ba su da yawa.
Akwai garin da kamfanin ya kafa gida,
can nesa, inda kuɗin zuwa kaɗai zai cinye diyyar.
Akwai inda aka yanki tikiti.
Na ce ɗana ya yanka ta waya, yana zaune a Jibiya.
Ta yi dariya, ta ce wannan sai alƙalai.
Sai ta ɗora yatsa kan layin ƙarshe:
Ina tafiyar ta ƙare?
Na ce Kano, daga nan mota ta kawo ni.
Ta ce to ƙofa ta matso,
riƙe ta da hannun da ya rage.
Kar ka yi sanya, ƙara ma agogo gare ta,
nata kuwa ba ya tsayawa.

Ni da ko kan kaza ban taɓa shiga kotu ba.

Jiya jirgi ya gifta bisa Rafin Daɗi,
yara na ta ɗaga masa hannu.
Na ɗaga nawa, ya tsaya rabin hanya.

Takardun na cikin gwangwanin ƙusoshi.
Agogon ban gyara ba, ko da zan iya.
Barira ta ce a bar shi haka,
cikinmu duka shi kaɗai ya riƙe lokacin.